Takarda, Kwamfuta ko Aikin Gida: Da Wanne Za a Auna Ɗalibin Sakandare a Rubuta Shirin Kwamfuta?

Akwai layuka huɗu da nake rubuta wa ɗaliban aji biyu na babbar sakandare a allo a makon farko na kowace shekara. Layin farko a = 5, na biyu b = 8, na uku a = b, na huɗu kuma b = a, sannan in tambaye su abin da ke cikin a da abin da ke cikin b bayan kwamfuta ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sukan amsa cewa a ta zama 8, b ta zama 5, domin ido yana nuna musu kamar musaya aka yi, alhali kuwa dukkansu biyun 8 ne, saboda tun a layi na uku 5 ta ɓace, babu inda aka ajiye ta. Sai na kawo misalin kwano biyu, ɗaya cike da gero ɗaya cike da dawa, in ce a musanya abin da ke cikinsu ba tare da an gauraya ba, sannan wani yakan ɗaga hannu ya ce ai dole a nemo kwano na uku. Abin lura shi ne, waɗannan ɗaliban da suka faɗi wannan ƙaramar tambaya, da yawansu sun ci maki mai yawa a jarrabawar da ta gabata, inda aka ce su kawo ma'anar algoritim da siffofinsa, suka zubo su daga hadda babu kuskure ko ɗaya. Wannan ne ya sa zaɓen hanyar gwaji a wannan darasi ba ƙaramin al'amari ba ne ga malami da shugaban makaranta, domin hanyar da aka zaɓa ita ce za ta nuna wa ɗalibai abin da ya cancanci su ɓata lokacinsu a kansa.

Kafin a kwatanta hanyoyin, wajibi ne a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cuɗa su wuri guda. Algoritim shi ne jeranta matakan warware matsala ta yadda ko wanda bai san dalilin matakan ba zai bi su ya kai ga amsa, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Manɗiƙi, wanda malaman zaure ma sun san shi da wannan suna, shi ne iya yanke hukunci a kan sharuɗɗa, kamar gane bambancin "ya biya kuɗin makaranta kuma ya kawo katin shaida" da "ya biya kuɗin makaranta ko ya kawo katin shaida". Rubuta shiri kuwa shi ne mayar da waɗannan biyun zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa, irin su Python ko BASIC ko Scratch, da gyara shi idan ya ƙi aiki. Ɗalibi yana iya ƙwarewa a na farko ya yi rauni a na uku, kuma babu hanyar gwaji ɗaya da take kama ukun daidai wa daida.

Jarrabawar takarda ita ce wadda aka fi rainawa, har wasu malamai suna ɗaukar ta a matsayin abin da ake yi don dole saboda rashin kayan aiki. A ganina wannan raini bai dace da ita ba, ya dace ne da irin tambayoyin da aka saba zubawa a cikinta. Idan tambayar ita ce a lissafa ire-iren harsunan kwamfuta ko a zana alamomin zanen matakai a faɗi sunayensu, to ƙarfin hadda kawai aka auna. Amma idan aka ba ɗalibi gajeren shiri aka ce ya bi shi da biro, ya cika jadawalin da ke nuna yadda kowace lamba take canzawa a kowane zagaye, to an tilasta masa ya zama kwamfutar da kansa, kuma babu wata hadda da za ta fitar da shi. Binciken masana ya goyi bayan wannan. A shekarar 2001 wani rukunin malaman jami'a ƙarƙashin jagorancin Michael McCracken ya gwada ɗaliban shekarar farko 216 a jami'o'i huɗu, ya sa su rubuta shiri, matsakaicin makinsu ya tsaya kusan 23 cikin 110. A 2004 sai wani rukunin da Raymond Lister ya jagoranta ya gwada ɗalibai a ƙasashe bakwai don neman dalili, ya gano cewa da yawansu ba su ma iya karanta gajeren shirin da aka riga aka rubuta su faɗi abin da zai fitar ba. Wato tun kafin a kai ga rubutu, karatun ne bai zauna ba, kuma takarda ce ta fi kowace hanya sauƙin bayyana wannan rauni.

Akwai wata irin tambayar takarda da ta cancanci kowane malami ya san ta, wadda Dale Parsons da Patricia Haden na ƙasar New Zealand suka gabatar a 2006. Ana ɗaukar shiri mai aiki a wargaza layukansa, a ce ɗalibi ya mayar da su kan tsarinsu, wani lokaci ma a cusa layi ɗaya ko biyu na yaudara waɗanda ba su da gurbi. Amfaninta shi ne tana raba tunani da wahalar rubutu, domin ɗalibin da ya fahimci cewa dole a sa jimla ta zama sifili kafin a fara tarawa zai nuna hakan ko da bai iya tuna inda ake sa waƙafi ba. Dubawa ma ba ta cin lokaci, malami ɗaya zai gama takardun aji guda a zama ɗaya. Ga manɗiƙi kuwa, jadawalin gaskiya da ƙarya na ƙofofin AND da OR da NOT (wato ƙa'idojin "kuma" da "ko" da "ba" da kwamfuta ke yanke hukunci da su), waɗanda suke cikin tsarin karatun hukumar WAEC, asali ma aikin takarda ne, sai dai ya fi kyau a ba ɗalibi jimla ta rayuwar yau da kullum ya mayar da ita zuwa sharaɗi, maimakon a ce ya zana jadawalin da ya riga ya haddace.

Inda takarda take gazawa a fili yake, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ba ta nuna yadda ɗalibi yake yi idan shirinsa ya ƙi tashi, ko yana karanta saƙon kuskuren da kwamfuta ta ba shi, ko kuwa yana goge komai ya sake daga farko cikin firgici. Rabin aikin mai rubuta shiri gyara ne, takarda kuwa ba ta mayar da martani. Haka kuma idan aka ce ɗalibi ya rubuta dogon shiri da hannu, malamai biyu za su iya ba amsa ɗaya maki mabambanta ƙwarai, musamman idan ɗayansu yana cire maki a kan kowace alamar da aka manta.

Gwajin aiki a gaban kwamfuta shi ne yake cike wannan giɓi, kuma da komai yana tafiya daidai da shi ne kan gaba, domin gani ya kori ji. Hukumar WAEC ma ta amince da haka, shi ya sa jarrabawarta ta darasin kwamfuta ta kasu kashi uku, akwai ta zaɓen amsa, akwai ta rubutu, akwai kuma ta aiki. Sai dai wanda bai taɓa shirya irin wannan gwaji ba ba zai san inda wahalar take ba. Na taɓa shirya shi a wata makaranta inda ɗalibai 60 ne a aji, kwamfutocin da ke aiki kuma 15, don haka aka raba su rukuni huɗu, kowane rukuni awa guda. Rukunin farko sun shiga da ƙarfe takwas, kafin a kai ga na uku janareta ya ɗauke sau biyu, wata yarinya ta rasa duk abin da ta rubuta saboda ba ta adana ba, ta kifa kai a kan tebur tana kuka. Da na duba sakamakon daga baya sai na ga rukuni na huɗu sun fi kowa maki nesa ba kusa ba, ba don sun fi kowa ƙoƙari ba, sai don tambayoyin sun riga sun zaga farfajiyar makaranta tun lokacin tara. Laifin nawa ne da na ba kowa tambaya iri ɗaya, kuma tun daga ranar nake shirya tambayoyi huɗu masu nauyi ɗaya, wanda shi ma aiki ne da ba kowane malami zai samu sararinsa ba.

Akwai wata matsalar da ta fi ta wuta ɓoyuwa, wato gwajin kwamfuta yakan auna sabo da na'urar fiye da tunani. Yaron da akwai kwamfuta a gidansu zai buga layuka ashirin kafin ɗan uwansa da ya zo daga ƙauye ya gano inda alamar baka take a kan maɓallai, alhali wataƙila na biyun ne ya fi fahimtar matsalar. Iyaye da malamai sun ga irin wannan lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, inda sai da aka riƙa koya wa yara riƙe linzamin kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Saboda haka makarantar da ɗalibanta ba sa taɓa kwamfuta sai sau biyu ko uku a zango, idan ta ɗora musu babban maki a kan gwajin aiki, to ba ta yi musu adalci ba. Maganin da na ga ya fi aiki shi ne a gajarta gwajin, a ba ɗalibi shirin da aka riga aka buga masa mai kurakurai biyu ko uku, a ce ya gyara, sannan ya ƙara masa abu guda. Da haka an rage yawan bugu, an kuma kai ga ainihin abin da takarda ta kasa gani.

Aikin gida mai tsawo, wanda ake ba ɗalibi makonni ya gina wani abu nasa, shi ne ɗalibai suka fi so, kuma shi ne ya fi koyarwa. Yaron da ya rubuta shirin da ke lissafa cajin mai POS gwargwadon kuɗin da aka cire, ko wanda ke fitar da matsayin kowane ɗalibi a aji daga makinsa, ya koyi abin da darasin minti arba'in ba zai ba shi ba. Amma koyarwa daban, aunawa daban, kuma a wajen aunawa wannan hanya ita ce mafi rauni. Gani ga wane ya isa a nan, domin Ingila ta riga ta gwada. A jarrabawarsu ta sakandare mai suna GCSE an ware kashi 20 cikin ɗari na makin darasin kwamfuta ga irin wannan aiki, sai aka tarar ana baza tambayoyin da amsoshinsu a intanet, har hukumar Ofqual mai sa ido kan jarrabawa ta yanke hukunci a watan Janairun 2018 cewa ɗalibai za su ci gaba da yin aikin amma ba zai shiga makin ƙarshe ba. Wannan ya faru ne tun kafin fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, wanda a yau yake rubuta shirin matakin sakandare cikin daƙiƙoƙi ga duk mai waya da ɗan data.

Duk da haka ban ga dalilin jefar da aikin gida ba, abin da ya kamata a canza shi ne wurin da makin yake. Maimakon a ba da maki a kan abin da aka kawo, sai a ba da shi a kan abin da ɗalibi ya iya yi da shi a gaban malami. Na taɓa karɓar shirin cajin POS daga ɗalibai uku, iri ɗaya har da kalmar da aka rubuta ba daidai ba a layi guda. Ban ce da su komai ba, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce, "To, mai shagon ya ƙara caji, yanzu duk wanda ya cire sama da dubu ashirin zai biya ɗari uku, gyara min." Na farko ya sa yatsa a kan layin da ya dace kafin in rufe baki, na biyu ya yi ta gungura shafin sama da ƙasa, na uku kuwa ya ce, "Malam, wallahi jiya yana aiki." Cikin minti biyar kowa ya samu makinsa ba tare da an yi zargi ko rantsuwa ba. Kuɗin wannan hanya lokaci ne, domin minti biyar sau ɗalibai 60 awa biyar ke nan, sai an watsa shi cikin mako guda, kuma malamin da ke ɗauke da azuzuwa shida ba zai iya yin sa fiye da sau ɗaya a zango ba.

Hanya ta huɗu ita ce a bar na'ura ta yi alƙalanci, wato ɗalibi ya miƙa shirinsa, wata manhaja ta gwada shi da lambobin da bai gani ba, ta ba shi maki nan take. Haka ake yi a gasar duniya ta rubuta shirin kwamfuta mai suna IOI, wadda aka fara a garin Pravets na ƙasar Bulgeriya a 1989, inda 'yan sakandare ke zama kwana biyu, kowace rana awa biyar a kan tambayoyi uku, haka kuma shafuka irin su Codeforces suke aiki. Ƙarfin wannan hanya shi ne ba ta gajiya kuma ba ta san ɗan wane ba. Ɗauki misalin shirin da zai nemo ranar da ɗan kasuwa ya fi samun riba a mako. Ɗalibai da yawa sukan fara da ɗaukar cewa riba mafi girma sifili ce, sannan su riƙa kwatanta ta da ta kowace rana, shirin kuma zai yi aiki lafiya har sai an ba shi makon da aka yi asara kowace rana, inda zai ce riba mafi girma sifili ce alhali babu ranar da aka samu hakan. Malamin da ya duba takarda arba'in idonsa ya yi nauyi zai wuce wannan kuskure, na'ura kuwa ba za ta wuce shi ba matuƙar an sa irin wannan mako cikin gwaje-gwajenta. Rauninta shi ne rashin tausayi da rashin bayani, domin ɗalibin da tunaninsa duka daidai ne amma ya ƙara kalma ɗaya a abin da shirin ke fitarwa zai iya tashi da sifili, daidai da wanda bai rubuta komai ba. Ga masu shirin shiga gasa wannan horo ne mai kyau, amma ga ajin da rabinsa bana ya fara ganin Python, karya gwiwa ne. Tana kuma buƙatar malamin da zai iya tsara gwaje-gwajen da kansa, da intanet ko aƙalla haɗin kwamfutoci na cikin gida.

Tambayoyi irin na gasar Bebras, wadda Farfesa Valentina Dagiene ta ƙirƙiro a Lituweniya a 2004, suna da nasu gurbi na daban. Gajerun wasannin ƙwaƙwalwa ne da ba sa buƙatar sanin kowane harshen kwamfuta, kamar nemo hanya mafi kusa a taswira ko gano ƙa'idar da ke ɓoye a jerin alamomi, kuma malami zai iya tsara makamantansu a takarda. Suna da kyau a farkon aji ɗaya don gano masu basira, sau da yawa ma sukan fito da yarinyar da ba ta taɓa magana a aji ba, amma ba sa gaya wa kowa ko an koyi darasin zangon, don haka ban ga hikimar sa su cikin makin rahoto ba.

Zaɓin a ƙarshe ya dogara ne ga abin da makaranta take da shi a zahiri, ba abin da ke rubuce a takardar talla ba. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta mai aiki da wuta tsayayya, kuma ɗalibanta suna shiga aƙalla sau ɗaya a mako, shawarata gare ta ita ce ta ba takarda rabin maki, gajeren gwajin gyara a kwamfuta kashi 30, aikin gida da ake karewa da baki kashi 20. Wadda kwamfutocinta ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na aji ba, ko wadda dizal ɗin janareta sai an yi taro a kansa, gara ta ɗaga takarda zuwa kashi 70, ta haɗe sauran 30 a zama guda na minti biyar zuwa goma a gaban kwamfutar malami, ko ma a waya, tunda manhajar Pydroid tana gudanar da Python a wayar Android ba tare da intanet ba. Wannan ya fi a yi gwajin aiki na suna kawai, inda ake jera yara biyar a kan na'ura ɗaya, ɗaya yana bugawa huɗu suna kallo, sannan a ba su maki ɗaya. Alƙalancin na'ura kuwa a bar shi ga ƙungiyar masu sha'awa da ke haɗuwa bayan tashi.

A duka yanayin biyu nauyin yana komawa kan yadda aka tsara takardar, don haka nan ne ya kamata shugaban sashe ya sa ido kafin a kai tambayoyi wurin bugawa. Idan maki 50 ne, kada tambayoyin ma'ana da lissafa sunaye su wuce goma, sauran su tafi ga bin shiri da biro, da jeranta layukan da aka wargaza, da gano kuskure, da mayar da jimla zuwa sharaɗi, da rubuta gajeren algoritim guda ɗaya wanda bai wuce layi goma ba. A takardar rabon maki kuma a rubuta a fili cewa mantuwar waƙafi ko baka ba ta cin fiye da maki ɗaya a tambaya gaba ɗaya, sannan malamai biyu su ɗauki takardu biyar na farko su duba kowa shi kaɗai, su kwatanta abin da suka bayar, su daidaita saɓaninsu kafin a raba sauran takardun.